Laburaren Jami'ar Ibadan: Tarihin Arewa Ya Riga Mu Zuwa Nan

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman 'yan Jami'ar Ibadan. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka a samu wuri a zauna tukuna.

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu ba ma tuna laburare sai jarrabawa ta matso. Mutum ya kwaso handawut da cajar waya, ya nemi kujerar da ke kusa da soket, ya yi haddarsa ya fita. Sai ya shekara huɗu bai taɓa sauko da littafi ɗaya daga kanta ba, bai kuma taɓa tambayar ma'aikacin wurin komai ba in ban da lokacin rufewa. Wani ma a ransa gani yake wurin na masu gari ne, shi baƙo ne da JAMB ta jefo, ya dai lallaɓa ya karɓi takardarsa ya koma gida.

To wannan tunanin ne nake so mu sake dubawa. Ginin nan da muke wucewa ta gabansa kullum, wato Laburaren Kenneth Dike, shi ne wuri na farko a jami'ar Najeriya da aka tattara rubuce-rubucen malaman Sakkwato da sauran ƙasar Arewa, aka jera su, aka ba su lamba, aka ce wa duniya ga hujjar tarihinmu. Kafin a kafa jami'a ko ɗaya a Arewa aka yi wannan aiki. Ga yadda abin ya faru.

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a watan Janairun 1948 da ɗalibai 104, a wani matsuguni na wucin gadi a Eleyele. A lokacin reshe ce ta Jami'ar Landan, digirin Landan ake bayarwa. Shugabanta na farko Bature ne, Kenneth Mellanby. Mutumin da aka ɗauko don ya kafa laburare kuwa John Harris ne, wanda ya taso daga Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan. Abin da ya tarar bai taka kara ya karya ba: littattafan da aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba ta Legas, da kuma wasu tarin littattafai na ɗaiɗaikun mutane. Mafi girma a cikinsu shi ne na Henry Carr, wani ɗan boko na Legas da ya rasu a 1945, wanda ya bar littattafai kimanin 18,000 a gidansa. Ku duba fa, mutum ɗaya. Da irin wannan gado aka ɗora harsashi. A 1954 aka koma babban ginin da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, mai bangon siminti mai ramuka-ramuka don iska ta riƙa ratsawa, saboda a wancan zamani dabarar gini ce ke sanyaya ɗaki.

Abu na farko da ya ɗaure wannan laburare da Arewa doka ce. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi ko jarida a Najeriya ya ajiye kwafi a laburaren Ibadan. Babu Laburaren Ƙasa a lokacin, sai a 1964 aka yi dokar kafa shi, kuma sai a 1970 wannan nauyi ya koma hannunsa gaba ɗaya. Ma'ana, kusan shekara 20 Ibadan ce rumbun ajiyar duk abin da ƙasar nan ta buga, ita ce kuma ke fitar da jerin sunayensu. Ku tuna wane zamani ne wannan a Arewa: zamanin da Kamfanin Gaskiya na Zariya ke kan ganiyarsa, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 tana fita, hukumar NORLA tana buga littattafan Hausa na yaƙi da jahilci, NEPU da NPC suna fafatawa. Dokar ba ta ware littafin Turanci ta bar na Hausa ba. Duk abin da ya fito daga injin buga takarda a Zariya ko Kano ko Kaduna, a doka akwai rabon Ibadan a ciki.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A shekarun 1950 wani ma'aikacin laburaren mai suna W. E. N. Kensdale ya riƙa tafiya Arewa yana neman littattafan Larabci na rubutun hannu. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san irinsu: takardu warwatse ba ɗinki, an haɗa su tsakanin bango biyu an zuba a gafaka, an rubuta da tawada da alƙalamin gamba, a ƙasan kowane shafi an sa kalmar farko ta shafin gaba don kada tsari ya rikice. Takardar kanta yawanci daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, fatake suka ratso Sahara da ita. Kensdale ya tara abin da ya samu, ya fitar da kundin sunayensu tsakanin 1955 da 1958. Ya kuma wallafa jerin littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da na ƙaninsa Abdullahi na Gwandu, da na ɗansa Muhammadu Bello, a wata mujallar masana ta Landan.

Wani zai ce to mene ne abin mamaki, ai malamanmu sun san littattafan nan tun da can. Haka ne, sun san su, suna karantar da su a zaure. Amma a duniyar boko ta wancan lokaci ba a ɗauke su a bakin komai ba. Abin da ɗalibin tarihi zai karanta game da jihadin 1804 yawanci rahoton Razdan ne da na Di'o, ko fassarar da wani jami'in mulkin mallaka ya yi, kamar wadda E. J. Arnett ya yi wa Infaƙul Maisuri na Bello a 1922. Wanda ya ci ka da yaƙi shi ne ke ba da labarinka. Har a 1963 wani babban farfesa na Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana faɗa a bainar jama'a cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shigo ta.

Wanda ya tsaya kai da fata a kan rusa wannan magana shi ne mutumin da laburaren ke ɗauke da sunansa. Kenneth Onwuka Dike ɗan Awka ne, an haife shi a 1917. Littafinsa na 1956 a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta ya nuna cewa ana iya rubuta tarihin Afirka a sa 'yan Afirka a tsakiyar labarin. Shi ne ya zagaya ya ga yadda takardun gwamnati ke ruɓewa a ofisoshi, gara na ci, ya matsa har aka kafa ofishin adana su a 1954, wanda ya zama Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. Ofishinta na Ibadan a cikin harabar jami'ar nan yake, akwai kuma wasu a Kaduna da Inugu. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1955. A 1960 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci kwalejin, kuma a hannunsa ta zama cikakkiyar jami'a a 1962.

Ku lura da wannan sosai: Dike Ibo ne kuma Kirista, ba malamin Larabci ba ne. Amma ya gane cewa hujja mafi ƙarfi da za a tunkari masu cewa babu tarihi da ita tana cikin gafakar malaman Arewa, domin ga rubutu, ga sunan marubuci, ga shekara. Shi ya sa a zamaninsa aka buɗe sashen Larabci da nazarin Musulunci, kuma a 1964 John Hunwick ya kafa Cibiyar Adana Rubutun Larabci a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka. Tsarinsu mai sauƙi ne. A je wurin mai littafi a roƙi aro, a ɗauki hoton kowane shafi a kan siririn fim, a mayar masa da kayansa. Ta haka littafin da kwafinsa ɗaya ne tak a wani zaure ya samu na biyu a wurin da gobara ko rabon gado ba za su kai gare shi ba.

Daga nan aiki ya fara haihuwa. H. F. C. Smith, wanda ya koyar da tarihi a Ibadan, ya rubuta maƙala a 1961 yana cewa masana sun yi sakaci da juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma. Shi ne ya koma Zariya da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa sashen tarihi, sannan a 1970 aka kafa Arewa House a Kaduna da jagorancinsa. A 1963 maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga Tazyinul Waraƙati na Abdullahi na Gwandu, da Larabcinsa da fassarar Mervyn Hiskett. Murray Last, ɗalibin Ibadan, ya tafi Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya yi karatu a cikin littattafan gidan Waziri, ya rubuta kundin digirinsa na uku, wanda ya fito a matsayin littafi a 1967 da sunan The Sokoto Caliphate. Wannan suna na Daular Halifancin Sakkwato da yanzu kowa ke faɗa a aji, littafin nan ne ya yaɗa shi. Kafin nan Turawa daular Fulani suke cewa, kamar dai rikicin ƙabila ne kawai aka yi. R. A. Adeleye, Bayarabe, ya biyo da nasa a 1971 a kan mulki da diflomasiyya a Arewa daga 1804 zuwa 1906. T. G. O. Gbadamosi kuma ya rubuta na yaɗuwar Musulunci a ƙasar Yarabawa.

Kun ga ke nan tarihin da ake koyarwa yau a Zariya da Kano da Sakkwato, reshensa ɗaya daga nan ya tsiro. Kuma ba Turawa da 'yan Kudu kaɗai suka yi aikin ba. Ba don Waziri Junaidu da malamai irinsa sun buɗe gafakarsu sun kuma zauna sun warware wa baƙi abin da ke ciki ba, da babu abin da za a ɗauka a fim. Ilimin nasu ne. Abin da laburare ya ƙara shi ne ajiya da tsari, yadda wanda bai san kowa a Sakkwato ba zai iya zuwa ya nema ya samu.

Su ma ɗaliban Arewa ba yau suka fara zama a kujerun nan ba, duk da cewa a farkon lamari da yatsu ake ƙirga su. Ishaya Audu, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, ya ratsa ta Ibadan. Iya Abubakar a nan ya yi lissafi. Adamu Ciroma a nan ya karanta tarihi, ya gama a 1961. Jibril Aminu a nan ya gama likitanci a 1965. Masu kwana a Sultan Bello Hall, sunan Muhammadu Bello ne a kan ƙofarku, mai Infaƙul Maisuri, kuma Sardauna ne ya buɗe ginin a 1962. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne uban jami'ar na farko bayan ta tsaya da ƙafarta. In kuka fita gari kuma, Sabo tana nan tun 1916, unguwar fataken goro da shanu, wadda Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1969. Wane baƙunta kuma ya rage?

Ba a tafi a haka lami lafiya ba. Rikicin 1966 ya sa Dike da ɗimbin malamai da ɗalibai 'yan Gabas barin Ibadan. Yaƙin basasa ya yi wa laburaren Nsukka mummunar ɓarna. Dike ya ƙare a Harvard yana koyarwa kafin ya dawo gida, ya rasu a 1983. John Harris ya bar Ibadan, daga baya ya je Benin, shi ya sa 'yan uwanmu na UNIBEN laburarensu ke ɗauke da sunansa. Sai kuma shekarun 1980 da kuɗin mai ya faɗi, aka shigo da SAP a 1986, darajar naira ta zube. Mujallun ilimi da dala ko fam ake sayensu, don haka jami'o'in ƙasar nan kusan duka suka daina sabuntawa. In ka taɓa bin jerin wata mujalla a kanta ka ga ta zo tiryan-tiryan sannan ta yanke a wajejen waɗannan shekaru, to tabon SAP ne kake gani. A wannan gurbi ne al'adar handawut ta samu gindin zama, har ɗalibi ya saba da cewa ilimi shi ne shafi 30 da lakcara ya ba shi.

Farfaɗowar ma tana da tarihi. Yajin aikin ASUU na 1992 shi ya haifar da asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, kuma cikin abin da yake ba makarantu kuɗi dominsa har da laburare. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa jami'o'i huɗu, Ibadan da ABU da Bayero da Fatakwal, ciki har da harkar kwamfuta da intanet. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI a 2002 don mujallun likitanci, aka biyo da AGORA a 2003 don na aikin gona. JSTOR ta buɗe wa makarantun Afirka rumbunta a 2006. Wato maƙalar da za ka gani a intanet an ce sai ka biya daloli, sau da yawa makarantarka tana da hanyar da za ka same ta ba ko sisi. Hanyar tana wurin ma'aikacin laburare. Sai ka tambaya.

A nan ne matsalarmu take, kunyar tambaya. Wani yana tsoron a ji Turancinsa, wani yana ganin za a raina shi. Alhali mai tambaya ba ya ɓata. Aikin laburare fanni ne da ake karanta shi har digiri na uku, kuma a nan Ibadan aka fara koyar da shi a matakin jami'a a ƙasar nan. Mace ta farko da ta zama farfesa a Najeriya, Adetowun Ogunsheye, a wannan fanni ta zama, a 1973. Mutumin da ke zaune a teburin tambaya an horar da shi ne don ya ji batun furojet ɗinka ya nuna maka inda za ka fara. Je ka gaishe shi da ladabi yadda aka san mu da shi, ka ce ga abin da kake nema. Ka yi rajista tun a zangon farko, ka halarci zagayen da ake yi wa sababbin ɗalibai, ka koyi neman littafi ta sunan marubuci da ta batu, ka karɓi bayanin shiga rumbunan intanet. Ka leƙa kundayen digiri na waɗanda suka riga ka, don ka ga yadda ake gina bincike, ba don ka kwafe ba. 'Yan likitanci kuna da naku a UCH, Laburaren Latunde Odeku. Mai son shiga Ma'adanar Tarihi ko laburaren wata jami'a lokacin hutu, ya nemi takardar gabatarwa daga sashensa kafin ya tafi.

Sannan ga wata baiwa da muke da ita muke rainawa. Da yawa cikinmu mun yi makarantar allo ko Islamiyya kafin boko. Muna iya karanta rubutun warash, wasu suna jin Larabci, wasu suna karanta ajami ba tangarɗa, ga Hausa, ga Fulatanci ko Kanuri a bakin wasu. Akwai masana a Turai da Amurka da ke kashe shekaru suna koyon abin da kai ka tashi da shi tun kana ɗan shekara bakwai. Abokin karatunka zai iya fin ka Turanci, amma in aka ajiye wasiƙar wani sarki ko waƙar Nana Asma'u da ajami, kai za a nema. Kuma ba 'yan tarihi kaɗai abin ya shafa ba. Ɗalibin shari'a zai sami aikin yi a littattafan Abdullahi na Gwandu kan mulki da hukunci. Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magani, ga ƙofa ga ɗalibin likitanci ko haɗa magunguna. Ɗan kwamfuta kuma ga babban aiki yana jira, na ɗaukar waɗannan takardu a na'ura da koya wa kwamfuta karanta ajami.

Lokaci ba ya jiran takarda. Danshi yana cin ta, gara tana cin ta, fim ɗin da aka ɗauka a shekarun 1960 shi ma yana tsufa. A gidajenmu kuma kun san yadda ake yi: malam ya rasu, a raba gado, gafaka ta faɗa hannun wanda bai san darajarta ba, ta ƙare a saman rufi. Abin da ke sa hukuma ta kashe kuɗi a kan wani sashe na laburare shi ne ta ga ana amfani da shi. Sashen da ba mai shiga, shi ake fara mantawa da shi idan kasafi ya yi ƙaranci. In mu da abin ya fi shafa ba mu je mun nema ba, wa muke jira ya je?

Don haka ga roƙona, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A cikin makon nan ware awa ɗaya wadda ba ta haddar jarrabawa ba. 'Yan Ibadan ku shiga Kenneth Dike ku nemi littafin Murray Last ko na Adeleye, ku tambayi inda ake ajiye rubutun Larabci da ƙa'idar ganinsa. 'Yan Ife ku shiga Hezekiah Oluwasanmi, 'yan Nsukka ku shiga Nnamdi Azikiwe, 'yan Benin ku shiga John Harris, kowa ya nemi abin da aka rubuta a kan garinsu ko masarautarsu. Manyanmu na aji uku da huɗu, ku ja ƙannenku sababbin zuwa ku kai su da kanku, kamar yadda kuke nuna musu masallaci da inda ake sayar da tuwo. Idan kun koma gida hutu, ku tambayi dattawa ko akwai tsofaffin takardu a gidan, ku ɗauke su hoto shafi-shafi, ku rubuta sunan mai su da garin.

Allah Ya jiƙan malaman da suka rubuta, da waɗanda suka adana, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema. A tura wa sauran 'yan uwa.